Muhawara: A ƙara haraji kan kayan saye don kowa ya samu magani?

Maganar da ake ja-in-ja a kanta: hanya mafi adalci ta biya wa kowa kuɗin asibiti a Najeriya ita ce a ƙara haraji kan kayan saye, kamar yadda Ghana ta yi.

Kawun Zango, Kumasi: Ni na kawo maganar, kuma ina nan a kan bakana. Kafin 2003, a asibitin gwamnati a Ghana sai ka ajiye kuɗi kafin a duba ka. A shekarar ce gwamnatin Kufuor ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa, aka ɗora kashi 2.5 cikin ɗari kan kaya da ayyuka, aka kuma yanki kashi 2.5 daga kuɗin fanshon ma'aikata. Yau tsoho ɗan shekara 70 da mai juna biyu da yaro ba sa biyan kuɗin shekara.

Malamar jinya, Kano: Kawu, a yi mini afuwa, amma wannan haraji talaka ya fi ji a jikinsa. Mai albashin naira dubu 70 kafin wata ya raba ya cinye shi a cefane da kuɗin mota, ke nan duk abin da ya samu ya bi ta hannun haraji. Mai kuɗi kuwa ɗan kaɗan yake kashewa, sauran ya zuba a filaye. A 2020 an ƙara VAT, wato harajin kayan saye, daga kashi 5 zuwa 7.5 a Najeriya. Wa ya ga allura ta yi araha?

Alhajin Kantin Kwari: Malama, kayan abinci na yau da kullum ai an cire su daga VAT. Kuma bari in faɗi gaskiya ko da a kaina za ta faɗo: mu 'yan kasuwa ba mu da takardar albashi. Tun 2005 aka ƙaddamar da NHIS, wato inshorar lafiya ta Najeriya, amma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne kusan kaɗai suka amfana, don su ake iya yanka wa tun daga tushe. In ana so kuɗin irina su shiga asusun, to sai ta wurin abin da nake saye.

Ɗan Maradi: Ku duka kuna gardama kan yadda za a tara, ni kuwa damuwata inda kuɗin ke kwana. A Nijar tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, haka ma tiyatar haihuwa. Asibitoci suka yi ta aiki, gwamnati ta riƙa jinkirta biyansu, bashi ya taru, kantin magani ya bushe. Uwa ta zo, a rubuta mata takarda, ta fita waje ta saya. Kawu, asibitocin Ghana ma ba su sha kukan bashin inshora ba?

Kawun Zango: Sun sha, ɗana, ba zan musa ba. Amma wanda ake binsa bashi da wanda bai ma san da kai ba ai ba ɗaya ba ne.

Malamar jinya: To a fara da abin da ke hannu mana. A Abuja shugabannin ƙasashen Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa kashi 15 na kasafin kuɗi zai tafi kiwon lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba. Dokar 2014 ta ware kashi 1 na kuɗin shiga ga kiwon lafiya matakin farko, ta 2022 kuma ta wajabta inshora a kan kowa. Ga harajin naira 10 kan kowace litar lemon kwalba mai sukari, wanda ba a ɗaure shi da asusun lafiya ba. A ɗaure shi, a ƙara na taba, a karɓi na manyan gidajen Maitama yadda ya kamata. Sannan a zo a taɓa sabulun talaka.

Alhajin Kantin Kwari: Na taba na yarda. Na gidaje kuwa, Malama, masu gidajen ne fa za su zauna a majalisa su rubuta dokar.