Firam ɗin Ayatul Kursiyyu ya ƙi zama a bango, mai gidan haya kuma ya hana hudawa

Amaryar Bana: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar nan ku taimaka min, abin ya fara hana ni barci. Bayan biki muka tare a gidan haya nan Kano, sabon gini, mu ne farkon shiga. Cikin kayana akwai babban firam na Ayatul Kursiyyu mai gilashi da gwaggona ta ba ni. Ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, da ƙafarta ta je ta zaɓo shi, rubutun ruwan zinare a kan baƙi, ko kuɗinsa ta ƙi faɗa min. Ƙarshen wata za ta zo ganin ɗaki tare da uwar mijina, na kuma san shi za ta fara nema da ido. Masu jere sun buga ƙusar kankare sun rataye shi, da safe muka tarar ƙusar ta sunkuyo, filasta ta ɓare, Allah ya sa kan kujera ya faɗo bai fashe ba. Mai gidan hayar ya gani ya yi ta faɗa, ya ce kar a ƙara huda masa bango. Oga yana wajen aiki a Fatakwal, ya ce in yi yadda na gani. Na sayo abin maƙalawar nan mai gam, ban dai manna ba tukuna. Akwai kuma faifai biyar da ƙyallen rini na Ƙofar Mata da nake so su kewaye shi. Ya zan yi?

Mai Firam: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, mun ji labarin gwaggo, Allah ya saka mata. Amma abin da ake buƙata ba ki faɗa ba. Tsawonsa nawa, faɗinsa nawa? Me ke bayansa na ratayewa, zobe ko waya? In kin shafa bangon, fenti yana biyo hannunki?

Amaryar Bana: Faɗi santimita 120, tsayi 80. Ɗan ƙarfe ɗaya ne mai haƙora a tsakiyar sama. Fentin yana ɗan gogewa fari a hannu.

Mai Firam: To ga lissafi. Gilashi mai kaurin milimita 3 yana da kilo 7 da rabi a kowane murabba'in mita. Naki ya kusa murabba'i ɗaya, ke nan gilashin kaɗai ya haura kilo 7. Ƙara katako da allon baya, ana maganar kilo 10 zuwa 12. Don ki tabbatar, hau sikelin awon jiki ke kaɗai, ki sake hawa riƙe da shi, ki ɗebe.

Mai gam ɗin ki ajiye shi. Manyan masu tambarin Command ma, da ake manna su biyu-biyu, in an haɗa tagwaye huɗu, wajen kilo 7 aka rubuta, kuma sai a bango mai santsi, inda zafi bai wuce digiri 40 ba. Kin san falon Kano a watan Afrilu in an ɗauke wuta. Sannan gam fenti yake kamawa, ba bulo ba. Fentin da ke biyo hannu zai ɓallo tare da gam ɗin.

Ɗan ƙarfen mai haƙora na ƙananan hotuna ne, a cire shi. A ɗaura zobba biyu masu siffar D a katakon gefe, dama da hagu, kowanne santimita 20 daga sama. Ba waya. Kowane zobe da sukurunsa a bango. A nemi dirila, bakin huda kankare na milimita 8, fisha (robar da ake turawa cikin rami don sukuru ya kama) biyu na milimita 8, da sukuru masu kaurin milimita 5, tsawon 50. A manna salatif na takarda a wurin kafin a huda, a fara a hankali ba tare da kunna guduman dirilar ba har a wuce filasta, shi ke hana ɓarewa. Zurfi santimita 5. A hure ƙurar ramin, a tura fisha har ya yi daidai da fuskar bango, a ɗaure sukuru a bar kansa waje kamar milimita 5. In dirila ta zurma lokaci ɗaya, an faɗa kogon bulo ne, sai a sa irin fishan da ke dunƙulewa ta baya.

Tsayi kuwa, tsakiyar firam ya tsaya a santimita 150 daga ƙasa. Naki 80 ne, samansa zai kai 190, ramukan su zo a 170. In bayan kujerarki 90 ne, za a sami tazarar 20 tsakaninsu, daidai ke nan. A ɗora lebur, ma'aunin nan mai ruwa da ke nuna ko layi ya miƙe, kafin a huda rami na biyu, kar a auna daga silin, ba kowane silin ne a miƙe ba.

Baba Magini: Malam, duk wannan dogon turanci ne. Ƙusar kankare ba ta da laifi, masu jere ne suka buga ta a tsakiyar kogon bulo, inda kaurin bai fi yatsa biyu ba. 'Yata, a ƙwanƙwasa bangon da bayan guduma, inda ya yi ƙarar fanko a wuce, inda ya yi dim a nan ne layin siminti. Ƙusa inci 3 guda biyu, a karkata kansu sama. Amma gaskiya bulon yanzu ma abin takaici ne. Yashi ya fi ƙarfin siminti, ba a ba shi ruwa ya yi ƙwari, yau a buga jibi a ɗora a gini. Ka sa dirila a irin wannan, ramin 8 ya koma 12, fishan naka ya yi ta yawo a ciki. In an gama kuma a ce magini ne bai iya ba.

Mai Firam: Baba, da girmanka, bulon da bai riƙe fisha ba ta ina zai riƙe ƙusar da aka daka da guduma? In bangon mai taushi ne a huda da bakin 7, ba guduma, a tura fisha 8. Ya matse.

Mai Wayarin: Kafin ku gama gardama, Hajiya, akwai soket ko makunni a bangon? Fayif ɗin waya yawanci miƙe yake hawa daga soket ko makunni zuwa silin, a ƙarƙashin filasta kaɗan. Kar a huda a saitinsu, sama ko gefe, a kauce aƙalla santimita 15. Kuma me ke bayan bangon?

Amaryar Bana: Banɗakin baƙi ne a baya. Amma shi kaɗai ne bangon da ake gani daga ƙofa, sauran duk taga ne da talabijin. Kuma kun manta, an ce kar in huda.

Maman Biyu: Masu gidan hayar nan sai Allah. Su karɓi kuɗin shekara cif, ga na dillali ga na yarjejeniya, rufi yana yoyo ba sa zuwa, amma ramin ƙusa ɗaya ya fito da su. 'Yar uwa, ki bar masa bangonsa. Ki sa kafinta ya yi miki dogon tebur siriri mai tsayin santimita 90, da ɗan katako a bakin saman don kar firam ya zame, ki jingina shi a kai. Ba huda, ba rigima.

Mai Firam: Kilo 12 na gilashi a jingine, a gidan da 'ya'yan baƙi za su shigo? Ko jinginawa za a yi sai an ɗaure samansa da bango, mun dawo kan huda ke nan. Ramin milimita 8 biyu, ranar tashi a cike da fila a shafa fenti, babu mai ganewa. Abin da ya tsorata mai gidan ɓarin guduma ne. A gyara masa wancan tukuna, sannan a nemi izini.

Maganar banɗaki ta fi damuna. Akwai fayif ɗin ruwa a ciki, a leƙa a ga saitin famfo da shawa. Sabon gini kuma bai gama fitar da ruwansa ba. Danshi zai kumbura allon baya, takardar ta manne da gilashi, in ta manne ba ta ɓamɓaruwa sai da rubutun. Ƙwarin gara ma danshi suke bi. In dole nan ne, a manna 'yan robobi a kusurwoyin baya huɗu, iska ta riƙa ratsawa.

Malama: Ni dai abin da zan ce, aya ce. Malamai ma sun yi saɓani kan rataye ayoyi don ado, waɗanda suka halatta sun ce a girmama. Bangon banɗaki bai kwanta min ba, tebur a ƙasa inda yara ke taɓawa ma haka. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi.

Amaryar Bana: Malama, ai ta falo yake, ba ta ciki ba. Gidajen mutane da yawa haka suke.

Anti Mai Jere: Babu wanda ya taɓa maganar faifan. Su ba nauyi, a nan mai gam ɗinki zai yi amfani, in kin fara goge wurin ya daina fidda fari. Ki ɗinka 'yar madauki da zare mai ƙarfi a bayan kowanne. Ki fara jera su a ƙasa, ki yanka jarida daidai girmansu ki manna a bango ki ja baya ki duba, tazara santimita 5 zuwa 7. Amma kar su kewaye firam ɗin, za su cinye shi. Ki tara su gefe ɗaya. Ƙyallen rinin kuma ki wanke da ruwan sanyi har ruwan ya fito fes, baba yana zuba, zai bar shuɗi a farin fenti da zarar damina ta kama. Ki sa tela ya naɗe samansa a zura sanda. Kar ya fuskanci tagar da rana ke bugawa.

Firam ɗin, me zai hana a sauya gilashin da farar roba mai kama da shi? Nauyinta bai kai rabi ba.

Mai Firam: Tana jan ƙura da hunturu, tana kuma karcewa in an goge da busasshen tsumma. Ko an sauya ma ba zan ɗora aya a kan gam ba.

Amaryar Bana: Gilashin ba zan taɓa ba, gwaggo za ta gane. Mai gidan kuma ba zan iya tunkararsa ba sai Oga ya dawo, shi kuma sai bayan sun zo sun tafi. Wanda ya sayar min da mai gam ɗin ya ce mutane suna rataye madubi da shi. In na sa tagwaye takwas maimakon huɗu, ai ya zama kilo 14 ko? Na kwana uku ne kawai.

Baba Magini: Ƙusa biyu, minti biyar, a layin siminti. Na faɗa.

Mai Firam: Takwas ko ashirin, duk fenti ɗaya suke kamawa. Kin ma hau sikelin kuwa?

Mai Wayarin: Hajiya, har yanzu ba ki ce akwai soket a bangon ko babu ba.