Baffan yaro ya ɗauke shi daga makaranta ya ƙi faɗin inda ya kai shi: me dokar Ghana ta ce?

'Yar Aboabo ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman haske daga waɗanda suka san doka, domin abin da ke gabanmu ya fi ƙarfin shawarar cikin gida. Mijin ƙanwata ya rasu bara, ya bar ta da yara biyu, namiji ɗan shekara 9 da mace 'yar shekara 4. Da ta fita takaba sai ta dawo gidanmu a Aboabo tare da yaran, tana sayar da atamfa a Kejetia tana ciyar da su, kuma babu wanda ya ce uffan a dangin mijin sai da aka fara maganar za ta sake aure. Mako uku da suka wuce, wan marigayin ya je Islamiyyar da yaron yake zuwa da yamma, ya ce wa malamin zai kai shi ya gai da kakarsa. Malamin ya san shi, saboda haka ya bar su suka tafi, kuma tun daga ranar ba mu sake sa yaron a ido ba. In an kira baffan a waya sai ya ce yaro yana lafiya a hannun danginsa, kuma shi ba zai zuba ido jinin ƙaninsa ya zama agola ba, amma ya ƙi faɗin garin da ya kai shi. Wani ya ce mana Techiman, wani ya ce Bawku.

Maƙwabta sun rabu biyu. Wasu suna cewa wannan garkuwa da mutum ce, mu kai shi wurin 'yan sanda yau ɗin nan, wasu kuma suna cewa baffa uba ne, uba ba ya satar ɗansa, balle ma bai nemi ko sidi ɗaya ba. Mu ɗanmu muke so, ba mu da burin ganin baffan yara a kurkuku. Shin abin da ya yi laifi ne a doka, kuma idan mun kai ƙara muna iya janyewa bayan an dawo mana da yaron?

Tsohon Akawun Kotu, Asawase, ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan marigayin, ya kuma bayyana yaron cikin ƙoshin lafiya. Ni ba lauya ba ne, amma na tsufa a kan takardun kotu, saboda haka zan faɗi abin da ke rubuce, sauran kuma ku ji daga bakin lauya.

Abin da ya rikita maƙwabtanku shi ne, a bakinmu kalmar garkuwa tafe take da kuɗin fansa, alhali dokar ba ta ambaci fansa ko kaɗan ba wajen bayyana laifin. Dokar Laifuffuka ta 1960, wato Doka ta 29, ta kasa wannan al'amari gida uku. Sashe na 89 da na 90 suna magana ne a kan sace mutum kowace irin shekara gare shi, kuma laifin yana tabbata ta hanya biyu: ko dai a tsare mutum ba bisa doka ba a fitar da shi daga hurumin kotunan ƙasar nan ba da yardarsa ba, ko kuma a tsare shi a cikin ƙasa ta yadda ba zai iya kai kukansa kotu ba, ko ya sanar da wani inda yake, ko kuma ta yadda wanda ke da haƙƙin ganinsa ba zai iya gano inda aka ajiye shi ba. Ki lura da wannan gaɓa ta ƙarshe da kyau, domin uwa tana sahun gaba a masu haƙƙin ganin ɗanta. Wannan babban laifi ne na mataki na biyu, kuma bisa sashe na 296 na Doka ta 30, wato dokar tsarin shari'ar laifuffuka, hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin shekara 10.

Sashe na 91 da na 92 kuwa sun shafi ɗauke yaron da bai kai shekara 18 ba daga hannun mai kula da shi, ko riƙe shi a hana shi komawa, da nufin raba shi da wanda ke da haƙƙin riƙonsa. Wannan ƙaramin laifi ne a ma'aunin doka, iyakarsa shekara 3, kuma a nan ne ake kama masu gudu da 'yan mata don a aurar da su. Sai sashe na 93 da na 94, satar yaron da bai kai shekara 14 ba, wanda shi ma babban laifi ne na mataki na biyu. Ɗanku shekararsa 9, saboda haka wannan sashen ya hau kansa, kuma ba hujja ba ce a ce ai yaron da ƙafarsa ya bi baffansa yana murna, domin dokar ta ce ko da yardar yaron ko babu, kuma lallashi ma ya isa.

Sai dai akwai wata ƙofa da ya kamata ku san da ita tun yanzu, don kada ku yi mamaki a gaba. Sashe na 95 ya ce ba za a kama mutum da laifin satar yaro ko ɗauke shi ba idan ya yi abin ne bisa imanin cewa doka ta ba shi wannan haƙƙi a matsayin mahaifi ko waliyyi, muddin ba don wata mummunar manufa ya yi ba. Babu shakka a nan lauyan baffan zai fake, ya ce a al'adarmu wan uba shi ne uban marayu. Ko kotu za ta karɓi wannan ko ba za ta karɓa ba, ya danganta da shaidu, amma a ganina abu biyu sun raunana shi: ƙaryar da ya yi wa malamin makaranta, da ɓoye garin da yaron yake. Wanda ya yarda da gaskiyarsa a zaure yake zama ya ce a ba shi ɗa, ba ya bi ta bayan gida. Kuma wannan kariya ta sashe na 95 an yi ta ne don satar yaro da ɗauke shi, ba ta ambaci laifin sashe na 89 ba.

Malamin Zaure, Sawaba, ya amsa:

Allah ya saka wa Baba Akawu da alheri. Ni abin da zan ƙara ta fuskar fiƙihu ne, tunda na san baffan zai ce addini ne ya ba shi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, riƙon yaro dabam ne, waliccinsa dabam. Abin da ke cikin Risala shi ne uwa ce ke da haƙƙin riƙo har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, idan kuwa uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon yana komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kuma dangin uba maza suna can ƙarshen layi. Ke nan ko da an riga an ɗaura auren ƙanwarki, mahaifiyarku ce ke gaba, bayanta kuma ke kanki, 'yar'uwa, kin riga baffan. Abin da ya rataya a wuyansa shi ne lura da tarbiyyar maraya da tsare masa gadonsa, ba raba shi da uwarsa da ƙanwarsa ba.

Shawarata ita ce kada a fara da 'yan sanda. Ku sami limamin unguwarku da dattawan da baffan ke jin nauyinsu, in ta kama a kai maganar fadar Sarkin Zango, a kira shi a karanta masa wannan hukunci a gaban mutane. Yaran nan za su girma, kuma ba ƙaramin tabo ba ne a ce danginsu na uwa ne suka ɗaure wan ubansu.

Hajiya daga Nima ta amsa:

Malam, Allah ya gafarta maka, ban ƙi maganarka ba, amma mako uku fa ake magana, kuma har yanzu babu wanda ya ji muryar yaron, sai dai baffan ya ce yana lafiya. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Idan da gaske Bawku aka kai shi, to iyakar Burkina Faso da ta Togo duk suna nan kusa, kuma ranar da aka tsallaka da shi, takardar kotun Kumasi ba za ta bi shi can da sauƙi ba. Na ga irin wannan a danginmu, inda aka yi ta jiran dattawa su zauna har yarinya ta shekara biyu tana talla a gidan da ba mu sani ba.

Ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. A je wurin dattawa da dare, da safe kuma uwar ta je ofishin DOVVSU, sashen 'yan sandan da ke kula da rikicin iyali da yara, ta ba da rahoto a rubuta, ta tafi da takardar haihuwar yaron da hotonsa da takardar rasuwar uban. Sannan ta shigar da buƙatar riƙo a kotun iyali, wadda ke zama a kotun gunduma. Dokar Yara ta 1998, Doka ta 560, ta ce abin da ya fi zama alheri ga yaron shi ne kan gaba, kuma a sashe na 45 ta umarci kotu ta duba muhimmancin ƙaramin yaro ya zauna da uwarsa, da ra'ayin yaron kansa, da kyawun barin 'yan'uwa wuri ɗaya, sashe na 46 kuma ya hana kowa cire yaro ba bisa doka ba daga hannun mai riƙonsa na halal. Babu inda aka ce uwa ta rasa ɗanta don ta yi aure. In kuɗin lauya ne matsala, akwai Hukumar Taimakon Shari'a ta gwamnati, kuma tana da ofishi a Kumasi. Malamin Islamiyyar ma a roƙe shi ya rubuta abin da baffan ya faɗa masa tun bai manta ba, don shi ne babban shaidarku.

Ɗan Sabon Zango ya tambaya:

Baba Akawu, ka gafarce ni zan ɗan ratsa. Shin shekara 10 ɗin nan ita ce iyaka har ga masu sace mutane da bindiga su nemi fansa? Na ɗauka waɗanda suka sace 'yan matan Takoradi hukuncin kisa aka yanke musu.

Tsohon Akawun Kotu, Asawase, ya sake amsawa:

Ɗana, hukuncin kisan da Babbar Kotun Sekondi ta yanke wa mutum biyu a watan Maris na 2021 na kisan kai ne, domin 'yan matan huɗu da aka sace a 2018 an gano gawarwakinsu a 2019, kuma ka san a 2023 majalisa ta maye gurbin hukuncin kisa a Doka ta 29 da ɗaurin rai da rai. Inda ba a rasa rai ba, dubi shari'ar 'yan matan Kanada biyu da aka sace a nan Kumasi a watan Yuni na 2019 aka ceto su bayan mako guda: mutum huɗun da aka samu da laifi a ƙarshen 2022 shekara 10 aka ba kowannensu. Ni ma abin yana damuna, domin a fashi shekara 10 ita ce mafi ƙaranci, in da makami kuma 15, ga shi a satar ɗan Adam ita ce mafi yawa, sai dai in masu gabatar da ƙara sun haɗa da wasu tuhume-tuhumen.

'Yar'uwa mai tambaya, na bar miki maganar janye ƙara, kuma ita ce ya kamata ku fi yin tunani a kai. Shari'ar laifi ba taku ba ce, ta Jamhuriya ce, ku shaidu ne kawai, kuma ikon dakatar da ita yana hannun Babban Lauyan Gwamnati da masu aiki a ƙarƙashinsa. Sashe na 73 na Dokar Kotuna ta 1993 ya ba kotu damar ƙarfafa sulhu a laifin da bai kai babban laifi ba. Ma'ana, in an tuhume shi a ƙarƙashin sashe na 91 akwai hanyar sasantawa da izinin kotu, amma in an rubuta sashe na 89 ko na 93, wannan hanyar ta toshe. Saboda haka ina goyon bayan Hajiya a kan kotun iyali, domin ita ba ta ɗaure kowa a matakin farko, umarni take bayarwa a kawo yaro, kuma daga ranar da aka miƙa wa baffan wannan umarni ba shi da sauran bakin cewa ya ɗauka haƙƙinsa ne. Idan ya ci gaba da ɓoye yaron, lauya yana iya neman Babbar Kotu ta tilasta masa gabatar da shi a gabanta. A wurin 'yan sanda kuma ƙanwarki ta faɗi abin da ya faru daidai, kada wani ya zuga ta ta ƙara gishiri ta ce an nemi kuɗi ko an yi barazana, domin yaudarar jami'in gwamnati shi ma laifi ne a wannan doka.

'Yar Aboabo ta dawo:

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa mahaifiyarmu amsoshinku, kuma maganar Malam ce ta fi ba ta ƙarfin gwiwa, domin ita kanta ta ɗauka dangin uba ne ke da yaro da zarar uwa ta yi aure. Jiya bayan isha'i kawunmu da limamin unguwa sun sami baffan a gidansa, ya amsa cewa yaron yana Techiman wurin ƙanwar shi baffan, har ya kira aka ba yaron waya ya yi magana da uwarsa, amma ya ce ba zai dawo da shi ba sai an fasa auren. Liman ya ba shi zuwa Juma'a. Ƙanwata ta riga ta ba da rahoto a DOVVSU yau da safe, malamin Islamiyya ya rubuta bayaninsa ya sa hannu, kuma ranar Litinin za mu je kotun iyali ko an dawo da yaron ko ba a dawo da shi ba, domin muna son riƙon yaran biyu ya zama a rubuce kafin a ɗaura auren.