Jini a wutsiyar karsana bayan barbara, ɓari ne?

Mai Turke, Ringim:
Assalamu alaikum. Ina da karsana Bunaji mai haƙori biyu da na saya a Maigatari. Daren Litinin ta hana mu barci da kuka, gabanta ya kumbura, yauƙi na zuba kamar na kuɓewa. Washegari na kai ta garken maƙwabci, bijimi ya hau ta. Yau Alhamis sai ga jini a wutsiyarta. Cikin ne ya zube? Yayana ya ce in mayar da ita kasuwa.

Malamin Dabbobi, Ɗambatta:
Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka sayar, ba ɓari ba ne. Zagayen neman bijimi na saniya kwana 21 ne, wata saniyar kwana 18, wata har kwana 24. In ta zo neman bijimi, wata 'yar jaka mai ruwa ce ta nuna a gidan ƙwanta. Sinadarin da take fitarwa shi ke sa mahaifa ta yi tauri, jini ya taru a bangonta, bakinta ya buɗe, yauƙin nan ya sauko. Wajen awa 12 bayan neman ya lafa, jakar ta fashe, ƙwan ya fita. Da sinadarin ya ja baya sai ƙananan jijiyoyin bangon mahaifa su ɗan tsattsafo da jini. Karsana ta fi uwar garke yawan yin haka, kuma jinin ba ya nuna ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba. A gurbin jakar wani ƙulli rawaya ke tsirowa, bakin mahaifa ya rufe. In akwai ciki ƙullin zai zauna, in babu, wajen kwana na 17 ya fara motsewa, ta sake nema.

Baffa, Wudil:
Yaro, malam ya faɗa maka gaskiya. Amma Bunaji sai da sa ido: neman nata gajere ne, galibi cikin dare. Kuka ba shaida ba ne. Wadda aka hau ta tsaya cak, ita ce. Da asuba duba gashin gindin wutsiya, in ya kwarje an hau ta. Kuma wadda ta rame da rani ba ta ma nema, ƙara mata dusa da harawa.

Mai Turke, Ringim:
Na gode, Baffa. Malam, yaushe za a duba ta?

Malamin Dabbobi, Ɗambatta:
Ƙirga sati uku daga Talata. In ta yi shiru, bayan wata biyu a kira ma'aikacin dabbobi ya sa hannu. In jinin ya yi yawa ko yana wari, kada ka jira.