Me za mu kira fim ɗin da Turawa ke ce wa "classic"?

Jama'a, kalma nake nema, wasunku kuma sun riga sun kawo shawarwari, zan zo kansu. Idan Bature ya ce fim "classic" ne, musamman a finafinan yaƙi, me za mu ce da Hausa? Masu fassara kan rubuta "tsohon fim" su wuce abinsu, ni kuwa ban gamsu ba. Tsofaffin finafinan yaƙi sun fi a ƙirga, kuma da yawansu farfaganda ce da aka shirya don a zuga samari su shiga soja. Yaƙin na ƙarewa aka manta da su. Tsufa kaɗai ba ya kai fim wannan matsayi.

Bari in nuna irin waɗanda nake nufi, don mu san abin da muke raɗa wa suna.

Akwai All Quiet on the Western Front na 1930, wanda Lewis Milestone ya ba da umarninsa, daga littafin Erich Maria Remarque. 'Yan makaranta ne a Jamus, malaminsu ya hure musu kunne suka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, mutuwa ta yi ta ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan jarumin, hannunsa aka nuna ya miƙe zai kama malam-buɗe-littafi, sai ƙarar bindiga, hannun ya saki. Shi ke nan. Fim ɗin ya ƙona wa 'yan Nazi rai har yaran Goebbels, jagoran farfagandarsu, suka saki ɓeraye a gidan sinima a Barlin cikin Disamban 1930, gwamnati kuma ta hana nuna shi.

Paths of Glory na Stanley Kubrick, 1957, ya fi ɗaci. Janar-janar na Faransa sun tura sojoji su kama wani tudu da kowa ya san ba zai kamu ba. Da abin ya faskara, sai aka ware ƙananan sojoji uku a harbe su da sunan ragwanci, ɗaya ma ƙuri'a ce ta faɗa kansa. Wani a cikinsu a sume yake, aka ɗaure shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, aka jingine shi a tsaye, aka harbe. Faransawa ba su gan shi a sinimominsu ba sai 1975.

Ni dai wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne The Battle of Algiers na Gillo Pontecorvo, 1966, kan gwagwarmayar Aljeriya da Faransa. Kusan duk 'yan wasan ba ƙwararru ba ne. Za ka ga mata uku sun ajiye lulluɓi, sun yi shigar Turawa, sun tsallake shingen soja da bama-bamai a cikin kwanduna. Kafin bam ya tashi, kyamara sai ta bi fuskokin mutanen da ke zaune a shagon, har da ƙaramin yaro. A fim ɗin dai za ka ga yadda sojan Faransa ke gana wa kamammu azaba. Babu ɓangaren da aka wanke tas. A 2003 ma'aikatar tsaron Amurka ta nuna wa jami'anta shi, lokacin tana fama a Iraƙi, shekara 37 bayan fitowarsa.

To, ga shawarwarin da kuka bayar. "Shahararre" da "fitacce" ba su yi ba, don fim ɗin da ya fito jiya ma yana shahara. "Gagarabadau" kirarin ƙarfi ne, ya fi dacewa da jarumin ciki. Malamin da ya kawo "bakandamiya", Allah ya gafarta malam, ka kusa, amma bakandamiya ita ce wadda ta fi duk ayyukan mutum guda, kuma ɗaya ce tak. Kubrick kuwa finafinansa da suka kai matsayin nan sun fi ɗaya. Mu bar wa bakandamiya gurbinta.

Hajiyar da ta ce "tsohuwar zuma", ke kika ciri tuta. Ba ma sai an ƙirƙiro sabon abu ba, kowa ya san karin maganar: da tsohuwar zuma ake magani. Akwai tsufan a ciki, akwai rashin lalacewa, akwai amfanin da ake komawa nema.

Na ga ƙorafin ɗan'uwan da ya ce zuma zaƙi gare ta, ina zaƙi a kallon ana harbe mutum a sume? Yallaɓai, karin maganar ba ta ce komai kan zaƙi ba, magani ta ambata. Abin da ya sa ake komawa ga finafinan nan ke nan: suna warkar da mai ɗokin yaƙi daga ɗokinsa, suna nuna masa wanda ke ba da umarni daga nesa da wanda ke mutuwa a rami. Da nishaɗi zalla suke bayarwa, da gwamnatoci ba su wahalar da kansu wajen hana su ba. Ko Lion of the Desert, na tarihin Umar Mukhtar, sai da Italiya ta hana nuna shi.

Wajen amfani babu wahala. "Fim ɗin nan tsohuwar zuma ne." A jam'i ma a bar kalmar yadda take: "finafinan yaƙi tsohuwar zuma". Kada wani ya ce "tsofaffin zumomi", kunne ba zai ɗauka ba.

Saura ƙiyasin shekaru. Ni a wurina sai waɗanda ba a haifa ba lokacin fitowar fim sun girma, sun kalle shi, ya taɓa su, sannan zan ba shi sunan. Da wannan ma'auni Saving Private Ryan na 1998 ya shiga. Na bara da na bana su jira tukuna.