Neman kalmar Hausa: abin da majinyaci ke gani ana tsaka da yi masa tiyata

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Malamai da masana harshe, cigiya na kawo muku. Ina shirya darasin kiwon lafiya da za a karanta a rediyo, sai kalmomi biyu na Turanci suka tare mini hanya: near-death experience da out-of-body experience. Ta farko sunan abin da wasu ke ba da labarin sun gani ne a lokacin da zuciyarsu ta tsaya, ko jini ya ƙare musu a gadon tiyata, aka samu aka ceto su. Wani ya ce natsuwa ya ji irin wadda bai taɓa ji ba, wani haske, wani ya haɗu da iyayensa da suka rasu, da yawa kuma sukan ce sun isa wata iyaka aka ce su koma. Ta biyu ita ce mutum ya ji yana can sama, yana kallon jikinsa a kwance, likitoci na aiki a kai.

Na ba na'urar fassara, ta ce mini "ƙwarewar kusa da mutuwa". Ƙwarewa ta maƙeri ce da ungozoma, abin da aka maimaita har hannu ya faɗa. Ba ta da wurin zama a nan.

Ba aikin rediyon kaɗai ya dame ni ba. Shekara 11 ke nan aka yi wa yayata aiki aka ciro mata ɗa, jini ya ɓalle, aka yi ta neman leda bayan leda. Kwana uku da farfaɗowarta ta kama hannuna ta ce, "Ƙanwata, na gan ni. Daga wajen fitilar nan ta sama na gan ni, na ga ana danna mini ƙirji." Goggonmu ta ce iska ce, a nemo hayaƙi. Mijinta ya ce sambatun allura ne. Wata maƙwabciya ta ja ta gefe ta ce ta rufa wa kanta asiri kada a ce ta taɓu. Daga ranar ta yi gum. Abin ya canza ta, kowa a gidan ya shaida, amma ko suna ba ta da shi da za ta kira shi. Sunan nan nake nema.

Wani tsohon malamin Hausa daga Katsina:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara wa yayarki lafiya, ya raya yaron. Bahaushe bai rasa maganar wannan wuri ba. Muna cewa yana nan rai kwakwai mutu kwakwai, muna cewa rai a hannun Allah, in ya tashi mu ce ya tsallake rijiya da baya, ko da sauran shan ruwansa a gaba. Amma ki lura, duk waɗannan bakin masu jinya ne, mu da ke tsaye muna kallo. Babu wadda ta faɗi abin da shi na kwancen ya gani. Wadda ta fi kusa ita ce "ya leƙa lahira ya dawo". Me zai hana ki ce leƙen lahira? Ko ƙaramin yaro zai gane.

Wani malamin Islamiyya daga Gusau:

Baba, Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa zan ɗan saɓa. A hira ana cewa ya leƙa lahira, kowa ya san azanci ne. Amma idan aka mayar da shi sunan abu aka karanta a rediyo, ya zama da'awa. A Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, wanda mutuwa ta zo wa yana roƙon a mayar da shi, aka ce a'a, kuma a bayansu akwai barzahu har ranar tashi. A A'araf aya ta 34, idan ajali ya zo ba jinkiri ba gaggawa. Wanda ya dawo ya ba mu labari, ajalinsa bai zo ba ke nan. Don haka lahira da barzahu a bar su. Haka ma gargara, domin hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya sanya ta iyakar karɓar tuba, wato wurin da ba a juyowa.

Ba ina cewa baiwar Allah nan ƙarya take yi ba. Zumar aya ta 42 ta gaya mana Allah na karɓar rayuka a cikin barci, ya riƙe wanda ya hukunta wa mutuwa, ya saki sauran. Sha'anin rai ya fi ƙarfin saninmu. Shi ya sa nake son kalmar da ba ta faɗi abin da ba mu sani ba.

Wani ma'aikacin sa barci a ɗakin tiyata, daga Jos:

Malama, ni aikina ke nan, shekara da shekaru ina tsaye a wajen kan majinyaci. Ina roƙon ki raba abubuwa, don a asibiti haɗa su yana da haɗari. Akwai farkawa ana cikin aiki: allurar barci ta yi rauni, allurar saki jiki kuma tana nan daram, mutum yana ji amma ko yatsa ba ya iya ɗagawa. Wani babban bincike da aka fitar a Birtaniya da Ailan a 2014 ya samu rahoton haka kusan sau 1 cikin 19,000, amma a aikin ciro ɗa ya kai kusan 1 cikin 670, saboda ana taƙaita magani don kada ya taɓa jaririn. Wannan firgici yake bari, wasu su shekara ba sa iya kwanciya rigingine.

Sannan akwai ketamin, wata allurar sa barci, wadda ƙananan asibitocinmu suka dogara da ita saboda arha gare ta kuma ba ta cika danne numfashi ba. An san ta da sa mutum ya ji ya rabu da jikinsa. Kuma a 2002 a Janeba ta ƙasar Switzerland, wani likita mai suna Olaf Blanke ya taɓa wani gurbi a gefen dama na ƙwaƙwalwar wata mai farfaɗiya 'yar shekara 43 da 'yar wutar lantarki, nan take ta ce tana ganin kanta daga sama a kwance a gado. Ni da za a bi tawa, magagin allura ko gane-ganen tiyata ya wadatar.

Mai tambaya:

Allah ya gafarta Malam, na karɓa, na cire lahira da barzahu. Baba, na san kai ma ba za ka ƙi ba.

Yallaɓai na Jos, na gode ƙwarai, kuma farkawa ana cikin aiki zan ba ta gurbinta daban a darasin, da sunan nan da ka faɗa. Amma magagin allura ba zan iya ɗauka ba, kuma ga dalilina. Yadda leƙen lahira ya yanke hukunci cewa abin gaskiyar gaibu ne, haka magagin allura ya yanke cewa shirme ne. Su kansu masu binciken ba su gama wannan shari'a ba.

Dubi maganar Pam Reynolds, wata mawaƙiya Ba'amurkiya. A 1991, tana da shekara 35, aka yi mata aiki a cibiyar Barrow, asibitin ƙwaƙwalwa da ke birnin Phoenix na Amurka, saboda wata jijiyar jini da ta kumbura a ƙasan ƙwaƙwalwarta. Likitan, Robert Spetzler, sanyaya jikinta ya yi ƙwarai, aka tsayar da zuciya, aka tsiyaye jinin kai. An liƙe mata ido, an toshe kunnuwanta da wasu 'yan na'urori masu ƙara. Da ta tashi ta siffanta zarton da aka buɗe ƙoƙon kanta da shi, ta ce kamar buroshin goge haƙori mai aiki da lantarki, ta kuma ce ta ji muryar mace na cewa jijiyoyinta ƙanana ne. Masu ja da labarin, ciki har da likitan sa barci Gerald Woerlee, sun ce wannan ɓangaren ya faru tun kafin a tsayar da zuciyar, don haka farkawa ce irin wadda ka bayyana. Har ta rasu a 2010 ana wannan muhawara, yau ma ba a daina ba.

A Holan kuma, likitan zuciya Pim van Lommel ya bi mutum 344 da zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su a asibitoci 10. Mutum 62, wato kashi 18 cikin 100, suka ba da irin wannan labari. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2001, kuma bai ga alaƙa tsakanin abin da magungunan da aka ba su ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ya koma wurinsu bayan shekara 2, ya sake komawa bayan 8. Tsoron mutuwa ya ragu musu fiye da sauran, sun ƙara tausayi, kuma canjin bai zo dare ɗaya ba, shekaru ya ɗauka yana zama a jikinsu. Yayata ke nan sak. Mace ce da a da ko makara aka wuce da ita sai ta kwana ba barci. Yanzu ita ake kira wankan gawa a unguwarsu. Sarƙoƙinta na biki ta rabar, aka yi ta surutu a dangi, har aurenta ya yi tangal-tangal a shekarun farko don mijin cewa yake ba matar da ya aura ba ce. Ko me ya jawo abin, magagi ba ya shekara 11 yana aiki a jikin mutum.

Don kada in karkata, ga ɗaya gefen. A binciken da likita Sam Parnia ya jagoranta, wanda ya fito a 2014, an bi tsayawar zuciya 2,060 a asibitoci 15, an kuma ajiye hotuna a kan kantoci can sama, inda sai mai kallo daga rufi zai gani. Ba a samu ko mutum ɗaya da ya faɗi hoton ba. Biyun da suka ce sun ga abin da ke faruwa, a ɗakunan da babu kantocin abin ya same su.

Wata ungozoma daga Damagaram:

Sannu 'yar'uwa. Mu nan da Faransanci muka koya, expérience de mort imminente, wato mutuwar da ke gab da aukuwa. Kuma ta girmi ta Ingilishi, don wani masanin falsafa Victor Egger ya yi amfani da ita tun 1896, ita kuwa ta Ingilishi sai 1975 wani marubuci Ba'amurke, Raymond Moody, ya yaɗa ta. Ga ta biyun, tsofaffinmu cewa za su yi kurwarta ce ta fita. Amma ni da bakina nake cewa kada ki sa kurwa. Na ga abin da kalmar ke jawowa a ɗakin haihuwa: da an ambace ta, sai a fara waige-waigen wace ce mayyar. Fitar rai kuma mutuwa ce kai tsaye. Wani abu ɗaya: ba kowa ke ganin haske ba. Na taɓa jinyar wadda duhu da kaɗaici ta gani, ta tashi tana kuka. Kalmar ta ɗauke su duka.

Tsohon malamin Hausa daga Katsina:

Na janye tawa, Malam ya fi ni hujja. Amma maganarku ta tuna mini da hange. Hangen Dala ba shiga birni ba. Hange gani ne daga nesa ko daga tudu, kuma mai hange yana iya ganin daidai, yana iya kuskure, kalmar ba ta rantse masa ba. Ga ta biyu sai in ce hangen gangar jiki. Gangar jiki dama ita ce kishiyar rai a bakinmu, ba sai an ambaci rai ko kurwa ba.

Ta farko kuwa kada ki ce hangen mutuwa, za a ɗauka mutum ya hango ajalinsa na tafe ne, kamar hangen nesa. Waccan kalmar da na'ura ta mayar miki ƙwarewa, a nan gani ce. Bahaushe gani yake cewa ga duk abin da ya ratsa: ya ga wuya, ya ga duniya, ya ga ta kansa. Saura wurin. Bakin mutuwa zai yi, sai dai a waya da ba ƙugiya za a karanta baƙin mutuwa. Me za ki ce da gaɓa? Mai tsayuwa a gaɓar kogi ya ga ruwa, ƙila har ya jiƙa ƙafa, amma bai haye ba.

Malamin Islamiyya daga Gusau:

Ganin gaɓar mutuwa. Wannan ban ga abin ƙi a cikinta ba, Baba. Ba ta ce ya mutu ba, ba ta ce ya ga gaibu ba.

Ma'aikacin sa barci daga Jos:

Ni ma zan iya rubuta ta a takardar majinyaci ba tare da na ji na yi ƙarya ba. Gyara ɗaya: hangen gangar jiki yana faruwa ba tare da an kusa mutuwa ba, kamar matar Janeba, ko mai ketamin. Kada a darasin su zama abu ɗaya. Kuma gaɓar ma in ba ƙugiya za ta koma gaba, a kula wajen bugawa.

Mai tambaya:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda na rubuta: "Wasu majinyata da aka ceto sukan ba da labarin ganin gaɓar mutuwa. A ciki wani lokaci akwai hangen gangar jiki, wanda kuma yakan zo shi kaɗai. Wannan daban yake da farkawa ana cikin aiki, wadda ya wajaba a sanar da likita." Wanda abin ya sama kuma na kira shi ganau, tunda muna da ita tun fil azal, ba sai an ƙera sabuwa ba.

Da la'asar na kira yayata na karanta mata. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai ta ce in maimaita ta farkon, na maimaita. Ta ce gaɓar ta yi, amma ita ji ta yi fiye da gani, natsuwar ce ta fi zama mata a rai, ba abin da ido ya gane ba. Na ce mata gani na Bahaushe ya haɗa da wannan, kamar yadda Baba ya faɗa. Ba ta gamsu sosai ba. Ta ce in ranar karanta darasin ta zo in gaya mata da wuri, tana so ta kira Goggo su saurara tare.