Abin da aka tattauna kan koyon haruffan Koriya

'Yan'uwa, maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Haddace Hangul, wato haruffan Koriya, ba wuya. Sarki Sejong ya samar da shi a 1443 don talaka ya iya karatu. Haruffansa na tushe a yau 24 ne: baƙaƙe 14, wasula 10.
2. Gaɓa-gaɓa ake dunƙule su, kamar 한 ("han"). A rubuta da hannu kullum.
3. ㅇ shiru yake a farkon gaɓa, a ƙarshe kuwa "ng" ne.
4. Aikin yana ga baƙin ƙarshen gaɓa. Sauti 7 kaɗai ake furtawa a wurin, kuma abin da ke gaba yana juya shi. 국물 "gungmul" ake cewa, 한국어 kuma "hangugo", baƙin ya tsallaka gaɓa ta gaba. Nan mutane da yawa suka ce sun makale, shi ya sa aka nace a riƙa saurare ana maimaitawa.

Inda aka rabu:

5. Rubuta lafazi da boko. Wasu sun ce ya taimaka musu da farko. Mafi yawa sun ce a yar da shi da wuri, domin yana ɓata lafazin wasulan ㅓ da ㅡ. Ina tare da su.
6. Bambanta ㄱ, ㅋ da ㄲ, baƙaƙe uku masu kama da "k". Wasu sun kwatanta ㄲ da "ƙ" ɗinmu, wasu suka ce kusa ne kawai. Dabarar da ta fi karɓuwa: riƙe takarda gaban baki, ㅋ zai kaɗa ta, ㄲ ba zai kaɗa ba.