Da wane littafin James Baldwin zan fara?

Rabi'atu: Salamu alaikum 'yan zaure. Mai son karanta James Baldwin, marubuci baƙar fata ɗan Amurka, ta ina zai kama?

Malam Sani: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da Go Tell It on the Mountain na 1953. A Harlem ta New York aka haifi Baldwin a 1924, ya yi wa'azi a coci tun yana ɗan shekara 14 har zuwa 17, kuma daga nan labarin John Grimes, yaron da littafin yake magana a kansa, ya samo tushe. Kashi uku ne. A na biyu masu karatu ke ɓacewa, domin addu'o'in mutum uku ne, Florence da Gabriel da Elizabeth, kowacce tana komawa baya zuwa rayuwarsu ta da. Ki rubuta sunayen a takarda da dangantakar kowa da John.

Hajiya Binta: Allah gafarta Malam, ni dai The Fire Next Time na 1963 zan miƙa mata, ana gama shi a zama biyu. Wasiƙa ce ga ɗan ɗan'uwansa, sai doguwar maƙala da ya ba da labarin ganawarsa da Elijah Muhammad, shugaban ƙungiyar Nation of Islam na lokacin, a Chicago. Kada a ɗauki aƙidar ƙungiyar Nation of Islam a matsayin Musuluncin da muka sani, da bambanci sosai.

Dan'asabe: Kun manta wasan kwaikwayo. The Amen Corner an fara nuna shi a Jami'ar Howard a 1955, bai hau Broadway, manyan dandalan wasan kwaikwayo na New York, ba sai 1965. Blues for Mister Charlie kuwa na 1964 ne, kisan Emmett Till, wani yaro baƙar fata da farare suka kashe a 1955, ya zaburar da shi. Tun farkon wasan an riga an kashe Richard, saurayi baƙar fata da labarin ya ginu a kansa, sai a riƙa komawa baya. Dandalin ma a rabe yake, unguwar farare da ta baƙaƙe. Mai karantawa a zuci sai ya rikice. Ku raba rawar, mutum huɗu ko biyar, ku karanta da murya.

Rabi'atu: To Another Country fa, Yaya?

Dan'asabe: Ajiye shi tukuna. Yana da tsawo, da maganar jima'i ƙarara, Giovanni's Room na 1956 ma akwai irin wannan maganar a ciki.

Malam Sani: Kafin komai, ki nemi muhawararsa da William Buckley, marubuci ɗan Amurka mai ra'ayin mazan jiya, a Cambridge ta 1965 a YouTube. In kin ji yadda yake jan numfashi irin na mai wa'azi, dogayen jimlolinsa za su daina gajiyar da ke.